Bakan da Ba Ya Karyewa a Gwiwa

Kullum kafin motar farko ta gangaro daga Goroka, Sakarias Gotaha ya riga ya shimfiɗa tsohon buhun kofi a bakin kasuwar mahaɗa, tsakanin mai sayar da buai, goron ƙasarmu da ake taunawa a tofar, da Mama Sera mai gasa dankali. Abu uku yake zuwa da su: damin gora da ya saro jiya, ƙaramar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta, da ɗanyen dankali biyu da zai miƙa wa Sera ta jefa masa a toka. Sai ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya kama tsaga. Daga kowace gora yakan fitar da tsirkiya huɗu ko biyar, faɗin yatsa, ya kankare cikinta, ya bar bayan da santsinsa, ya ƙulla mata kunne a kowane ƙarshe. Kina biyu, kuɗinmu na nan, yake sayar da guda. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Kowa Apo Saka yake ce masa, har jikokin sa'o'insa; apo kuwa a bakinmu aboki ne, kowa ana iya kiransa haka.

A watan gobe zai daina fitowa. Idonsa na hagu ya tafi, na dama yana bin sawunsa. Shi ya sa nake wannan rubutu yanzu, tun yana da rai, yadda za a karanta masa ya ce na yi ƙarya a wuri kaza.

Ba ya sassaƙa baka, bai taɓa cewa ya iya ba. Limbum, baƙin icen nan dangin giginya da ake yin baka da shi, ba ya tsiro a kan duwatsunmu. Daga ƙasar zafi 'yan kasuwa ke ɗauro shi a saman mota, an riga an sassaƙa, su jingina a jikin shingen kasuwa, kowa ya zo ya zaɓa. A nan aikin Apo Saka na biyu yake, wanda bai taɓa karɓar ko toea ɗaya, kwabonmu, a kansa ba: zaɓa wa mutum baka daidai ƙarfinsa, daidai aljihunsa.

Mutum zai zo ya tsuguna ya gaishe shi. Tambayar farko ba ta canzawa: me za ka harba? Sai ya sa mutumin ya miƙe tsaye, ya kewaye shi, ya taɓa kafaɗarsa kamar mai taya alade. Daga nan su tafi shinge tare. Duk bakan da aka yi wa saƙa da gashin tsuntsu, wuce shi yake ba ko kallo, don ya ce ado mafakar tsaga ce, kuma kuɗin adon kake biya. Yakan tsayar da bakan kusa da mai saye, ya ga ya ɗara kansa da tafin hannu guda. Yakan ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ya kara kunne. Abu na ƙarshe, sai ya juya cikin bakan, kusa da inda tsirkiya ke zama, ya kankara da farcen babban yatsansa na dama. Farcen nan ya yi kauri, ya yi rawaya kamar ƙaho, kuma 'yan kasuwa sun fi tsoronsa a kan mai karɓar haraji.

Dalili kuwa, mutanenmu sun san abu ɗaya game da limbum, sun riƙe shi gam: baƙi shi ne tsoho, tsoho shi ne mai ƙarfi. Gaskiya ce, amma rabinta. 'Yan kasuwa ma sun san mun sani. Sai wasu suka koyi ɗaukar ɗanyen ice, farin ciki mai laushi, su shafe shi da baƙin mai da kunkunniya da man takalmi, su rataye a hayaƙi mako guda, ya fito yana sheƙi. Irin wannan, in ka ja shi sau goma, na sha ɗaya a fuskarka zai fashe.

Na san haka ne a jikina. Na dawo daga Brisbane, can ƙasar waje, bayan shekara goma sha ɗaya da takardar safiyo da kafaɗun mazaunin ofis, na nufi shinge na ɗauki wanda ya fi kowanne baƙi da ado, kina ɗari da tamanin. Ina shirin biya sai na ji muryar tsohon daga ƙasa.

"Apo, harbi za ka yi da shi, ko bango ne ya ce yana jin kunya?"

Ya karɓa, ya kankara, fari ya fito tas kamar cikin rogo. Mai kayan ya waiga yana kallon hanya. Apo Saka ya zaro mini wani daga can ƙarshen jeri, ja-ja, mummuna, mai ɗan karkata, kina ashirin da biyar. Na ce ai wannan na koyo ne. Ya ce to me nake yi in ba koyo ba. Ya ɗaura masa tsirkiya, ya ce in riƙa kwance ta in na gama, in ajiye shi a jinka inda hayaƙi ke kaiwa. Shekara goma sha uku ke nan yana nan.

Da a ce iyakar labarinsa ke nan, da na sayi tsirkiya biyu na yi shiru. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, abin da ya faru ne a kogin Feyana.

Mu Notoyufa muna wannan gaɓa, Gerezuha suna waccan. Mun auri juna tun kakanni. Tabita, 'yar Apo Saka tilo, can take aure, gidan tsoho Hanimo mai faɗa a ji a Gerezuha. Rigima ta tashi kan gonar kofi da ke bakin ruwa. Ba zan ce ga mai gaskiya ba. Ni na auna gonar daga baya, kuma ba ta kai ran mutum ɗaya ba. An kashe uku, biyu nasu, ɗaya namu. Namu shi ne Elias, ɗan ƙanwar Apo Saka, wanda ya bar ƙane mai suna Timon. 'Yan sanda suka kwashe bindigogi biyun da ke yankin tun shekarar farko, abin da ya rage baka ne, kuma babu gidan da ba shi. Aka cire katakan gada. Gerezuha suka koma bin bayan dutse zuwa wata kasuwa. Da rani kogin ba ya wuce gwiwa, amma ba wanda ke tsoma ƙafa, domin duk wanda ya haye, ko mace ce, ya zama ɗan leƙen asiri a gaɓa biyu. Tabita ta zauna a can.

Sau biyu aka yi sulhu. Kowane karo maza suka sauko tsibirin yashin da ke tsakiyar ruwa, mata suka tsaya a gaɓa, babban jami'i ya zo daga gari da mai hoto. Kowane namiji ya ɗaga bakansa, ya ɗora a gwiwa, ya karya. Ƙas, ƙas, ƙas, gwanin daɗin ji. Aka tafa, aka karya rake aka sha tare, aka ci alade. Kowane sulhun kakar kofi ɗaya ya yi, kibiya ta sake hayewa, kafin ma a gama gardamar wanda zai mayar da katakan gada.

Duka biyun Apo Saka yana can baya a tsaye. Ba wanda ya tambayi mai sayar da tsirkiya, shi ma bai ce uffan ba. Tsakanin sulhu na biyu da na uku matarsa Inaho ta rasu. Ranar da aka binne ta, Tabita ta tsaya a waccan gaɓa da laka a fuska, tun safe har aka watse. Bayan kwana biyu ya koma kasuwa. Sera ta miƙo masa dankalinsa, ya ɓare, ya ce da ita, kamar mai zancen farashin gishiri, limbum na gaskiya ba ya karyewa a gwiwa.

Sera ba ta iya riƙe magana, kuma a wannan karon Allah ya yi mata albarka. Kafin mako ya zagayo zancen ya zaga matan coci, ya bi direban bas ya haura bayan dutse. Da aka sa ranar sulhu na uku, matan gaɓa biyu suka ce ba za su haƙa dankali ba, ba za su saki alade ko ɗaya ba, sai an yarda Apo Saka ya duba kowane baka kafin a karya. Maza suka yi dariya suka yarda. Tsoho ne, 'yarsa tana can, kowa ya ɗauka ya san inda zai faɗi.

Ina wurin ranar. An tara katakan gada a gefe, an ce da zarar an gama karyawa za a shimfiɗa su, kuma Tabita ce za ta fara hayewa. Shekara huɗu rabonsa da ya ji muryarta. Alade goma sha biyu suna cikin ramin gashi. A kan yashi tsibi biyu, namu goma sha bakwai, nasu goma sha biyar, duk baƙaƙe, suna sheƙi.

Ya fara da namu. Na saman tsibin na Timon ne, kuma Timon ya matso har kafaɗarsu ta haɗu. Ina kusa, na ji abin da ya ce.

"Kawu, ɗaga kai ka duba can. Ga ta tsaye. Ka ce sun yi, mu tashi."

Apo Saka ya ɗaga kai. Ya daɗe yana duban gaɓar. Sannan ya juya bakan, ya sa farce.

"Wannan ko kaza ba zai kashe ba," in ji shi, da muryar da yake ciniki da ita, ba ƙari ba ragi. "Ina wanda na zaɓa maka shekarar da ƙasa ta zaftare, mai tabo kusa da kunnen ƙasa?"

Tsohon ya bi tsibin ɗaya bayan ɗaya, yana kankarawa yana ajiyewa gefe, yana kiran sunan mai shi da kamannin bakan da ya bari a jinka. Goma sha huɗu daga cikin goma sha bakwai farare ne. Gerezuha suka ɗauki ihu. Suka ce ga ɓarayin sulhu, suka ce dama Notoyufa ko gaisuwarsu sai an kankara. Hannayen samarinmu suka fara neman duwatsu.

Shi kuwa ya karkaɗe hannu, ya taka zuwa ɗaya tsibin. Ihun ya soma raguwa tun kafin ya sunkuya. Goma sha ɗaya daga cikin goma sha biyar. Da ya gama ya miƙe, ya fuskanci Hanimo. Ba ya kiran sunansa, surukai ne.

"Suruki, ashe wurin mutum ɗaya muka saya. Ina fata ya yi muku ragi."

Wata tsohuwa a gaɓarsu ta tuntsire da dariya, ita kaɗai, sannan ta rufe baki. Jami'in ya naɗe takardar jawabinsa ya sa a aljihu. Ba a karya ko ɗaya ba. Naman da ya riga ya nuna ba ya komawa alade, sai aka raba, kowa ya haura gaɓarsa ya ci da nasa, ba mai kallon wani. Katako ya kwana inda yake. Tabita ta tsaya har ubanta ya fita daga ruwa, sannan ta gyara jakar da ke rataye a goshinta ta juya.

Kai ne, Apo Saka, wanda aka miƙa wa 'yarsa a tafin hannu a kan kalma ɗaya, ka ƙi furta ta. Na ga mutane masu manyan takardu sun sa hannu a kan ƙarya don abin da bai kai wannan ba. Ni kaina, da ni ne, ban san abin da zan yi ba, kuma ina zargin na sani.

Bai sha yabo ba. Mako shida ba ɗan Notoyufa da ya sayi tsirkiyarsa. Wata safiya ya tarar an tofa jan yawun buai a inda yake shimfiɗa buhu. Ya share da ganye ya zauna. Timon ya ce a gaban mutane ba shi da kawu. Wasu suka ce tsohon ya sayar da danginsa don surukai, wasu suka ce ya sayar da 'yarsa don taurin kai, kuma sau da yawa baki ɗaya ne ke faɗin duka biyun. Na je na tsuguna na tambaye shi me ya sa bai bari ta haye ba tukuna, gyara ya biyo baya. Bai daina tsaga gora ba.

"Ta haye yau, ta koma gobe, jibi a harbe mijinta da bakan da ni na zaɓa? Kai da ka yi karatu, lissafa mini ribar."

Sera ce ta sake kawo masa abin da maza ke faɗa a bayan ido. Ba duka ne ke son faɗa ba. Yawancinsu sun gaji. Amma namiji ba ya zama ba baka. Alade na shiga gona, shaho na ɗaukar kaji, yara na son naman tsuntsu. In ka karya na gaske, sabon tsohon limbum kuɗin buhun kofi ne, wa ke da shi? Sai su sayi na bogi su karya, su bar na jinka, da niyyar alade kawai za su harba. Ran da rai ya ɓaci kuma, ga shi nan a kusa.

Apo Saka ya ji, ya ce ashe maganar ciniki ce, ai da sun faɗa tun farko.

Abin da ya sani, wanda yawancinmu ba mu taɓa tsayawa mun yi tunani a kai ba, shi ne baka iri biyu ne ko da icen ɗaya ne. Akwai mai kauri, mai taurin ja, wanda ke cilla kibiya daga wannan gaɓa ta Feyana zuwa waccan da sauran ƙarfinta. Akwai siriri, wanda ke kashe tsuntsu da gafiya da aladen da ya shigo gona a taki ashirin, amma in ka nufi ƙetare da shi kibiyar a ruwa za ta faɗa. Kowa na neman na farkon ne don kada a ce shi rago ne, alhali na biyun yake bukata, kuma na biyun ya fi araha nesa ba kusa ba.

Ya hau bayan babbar mota, tsoho mai shekara saba'in da ido ɗaya da rabi, ya gangara ƙasar zafi. Kwana tara ya yi. Ya bi masassaƙa gida gida yana tona tarin da suka yar don bai yi baƙi sosai ba, ko ya yi siriri, ko ya ɗan karkata. Ice mai kyau ne, 'yan kasuwa ne kawai ba sa ɗauka. Ya dawo da zazzaɓi da dami biyu. Da ya warke ya jingina su a shinge, ya aika gaɓa biyu da magana ɗaya: kawo mai kaurin a ajiye a coci, in zaɓa maka siriri a kina ashirin, abin da masassaƙi ya ce, tsirkiya kyauta. Na farkon da ya shiga ɗakin ajiyar cocin nasa ne, wanda ya gada wurin ubansa.

Mako biyu ba kowa. Sai wata rana direban bas ya sauke wani dogon ƙunshi a ganyen ayaba, da wata igiya a naɗe. Bakan Hanimo ne. Igiyar tsawon Hanimo ce daga ƙasa zuwa kai, don a san wanda za a zaɓa masa. Apo Saka ya warware ta, ya duba, ya ce surukinsa ya ƙara wa kansa yatsa huɗu, amma ba komai, ya san kafaɗar. Ya zaɓa, ya ba direba.

Daga nan abin ya soma tafiya, a hankali, kamar yadda komai na gaskiya ke tafiya a wurinmu. Wanda ya yi jinkiri, sai saƙo ya iske shi har gida: a gaya wa wane, bakan ubansa mai karkata hagu ina jiransa. Ba wanda zai iya musu, don shekara arba'in kusan duk bakan da ya shiga gaɓa biyun nan ta hannunsa ya bi. Wani ya gwada aiko da na bogi karo na biyu, aka mayar masa da shi da tsirkiya kyauta da saƙon ya ba matarsa ta daka masa wake da shi. Har yau ana tsokanarsa.

Wata biyar aka yi. Ya rage Timon.

Ya zo da tsakar rana, kasuwa cike, bakan a hannunsa ba ko rufi. Bai tsuguna ba, bai gaisa ba. Sera ta daina fifita wuta.

"Na wanda ya harbi Elias ya zo?"

"Tun watan jiya."

"Ka tabbata shi ne?"

"Ni na zaɓa masa shi, shekara tara da ta wuce. Tsirkiyar da ke jiki ma tawa ce." Tsohon ya ajiye wuƙa. "Wanda ke hannunka ma ni ne. Na tambayi kowa me zai harba, kowa ya ce alade, ni kuma na ga kaurin da suke nema na yi kamar na yarda. Hannuna ba fari ba ne, ɗan ƙanwata. Shi ya sa ba zan iya ƙarya ta biyu ba."

Timon ya ce shi zai sare wancan bakan da hannunsa. Apo Saka ya ce ya yarda, muddin mai shi ne zai sare na Timon. Ya miƙe da ƙyar, ya taɓa kafaɗar da ya sani tun tana ƙarama, ya je shinge ya zaro guda, ya ɗaura tsirkiya. Timon ya ja, ya taɓe baki.

"Kawu, ai wannan na mata ne."

"Mata ba su taɓa kashe kowa a kogin nan ba. Biya kina ashirin ka ba ni wuri."

Mutane sun lura ya ce kawu. Ba wanda ya nuna ya ji.

Sulhu na huɗu ba jami'i, ba mai hoto, alade uku kacal, don an cinye sauran a banza. Aka fito da bakunkuna talatin da uku daga coci. Wani ƙaton saurayi daga Gerezuha ya ce shi zai nuna wa tsoho, ya ɗora ɗaya a gwiwa ya danna da dukan ƙarfinsa. Bakan ya lanƙwasa ya dawo, saurayin ya yi kwana uku yana ɗingishi. Aka kawo gatura. Gatari ma tsalle yake a jikin icen. Tun hantsi ake sara har rana ta karkata, maza sun jiƙe da gumi, ba tafi, ba waƙa, sai nishi da zagin icen. Timon da wancan mutumin suka yi nasu gefe da gefe. Aka tara guntayen aka cinna wuta. Ta daɗe kafin ta kama.

Sannan aka shimfiɗa katako. Tabita ta hayo da jakar dankali rataye a goshi, ba ta gudu, ba ta kuka. Ta tsaya gaban ubanta, ta sauke kayan, ta kama hannunsa na dama ta juya shi, ta dubi farcen.

"Baba, wata biyar ka ƙara mini saboda wannan ƙazamin abu."

"Dankalin can ne? Ya fi namu zaƙi."

Ta ce za ta yanke shi. Ya ce ba yanzu ba, akwai sauran aiki. Daga nan suka nufi kabarin Inaho su biyu, mu kuma muka ba su baya.

Kakar kofi uku ta wuce tun ranar. Ba na ce an zama 'yan uwa ba. Ana harara, ana zage-zage daga gaɓa zuwa gaɓa, bara ma wani ya sha ya cilla kibiya, ta faɗa tsakiyar ruwa, yara suka tsinto ta suka mayar masa. Gada tana nan da katakanta. A bango a ofishin gari akwai hotunan sulhu na ɗaya da na biyu. Na huɗu babu, kuma sunan Sakarias Gotaha ba ya cikin kowace takarda sai wannan.

Apo Saka, kai ne mai kina biyu da ya yi abin da jawabai suka kasa. Ba ka da kujera, ba ka da hula, buhun kofi ne shimfiɗarka. Ka san abu ɗaya ka san shi har ƙasa, ka ƙi sayar da shi ranar da farashinsa ya kai 'yarka, kuma da ka tona asirin mutane ba ka bar su tsirara ba, ka hau mota ka nemo musu abin da za su iya saye. Ka kuma faɗi naka laifin da bakinka a tsakiyar kasuwa, ba wanda ya tambaye ka. Mun gode. Na gode da mummunan bakana.

Sauranmu, kowa na da abin da ake kawo masa ya duba: takarda, awo, magani, ginin aji, maganar sulhu. Yawanci yana zuwa baƙi wul yana sheƙi, da wani a gefe yana raɗa ka ce ya yi mu tashi. Ba a bukatar karatu a ƙasar waje kafin a juya shi a kankara.

Tabita ta ce ranar da ya naɗe buhunsa na ƙarshe za ta zo da almakashi, kuma a wannan karon ya yarda. Saura mako uku. Duk mai son baka daidai ƙarfinsa ya hanzarta zuwa mahaɗa, ya tafi da kina ashirin da amsar gaskiya, don tambayar farko ba ta canza ba.